Zalɓe da kacalla a tafkin Nguru

Asabar, Nguru.

Sanyin garin nan ya fi na Kano cizo. Mun fito daga sallar asuba hazo ya rufe ko'ina, hannuna har ya ƙi riƙe kofin shayi da kyau. Abokina da na sauka a gidansa ya riga ya yi magana da wani dattijo masunci, shi ya ɗauke mu a kwale-kwalensa. Tun da aka ba mu hutun makaranta nake ɗokin shiga tafkin nan, ga shi yau Allah ya nufa.

Ba mu yi nisa da gaɓa ba Baba ya tsayar da tuƙi, ya nuna da haɓa. Zalɓe ne, tsaye cikin ruwa iya gwiwarsa, toka-toka, ya lanƙwashe wuya. Ko motsi babu. Na gaji da jira har na fara duba waya, sai Baba ya ce, "Malam, ajiye abin nan, yanzu zai sara." Bai rufe baki ba wuyan ya miƙe, baki ya shiga ruwa ya fito da 'yar karfasa tana wutsil-wutsil. Bai haɗiye ta nan take ba. Sai da ya jujjuya ta har kanta ya fuskanci maƙogwaronsa, don kada ƙayar bayanta ta tokare shi, sannan ya aika da ita. Muna kallon kumburin yana gangarawa a wuya. Da ya tashi kuma, ya naɗe wuyan baya, ƙafafu na biye a miƙe. Da haka ake gane dangin zalɓe da balbela a sama ko daga nesa, don shamuwa da gauraka miƙe wuya suke yi in suna tafiya. Shamuwa dai ba ta nan, ta yi kudu tun ƙarshen damina.

Wanda ya fi ba ni dariya wani ɗan baƙi ne cikin danginsu. Zai yi 'yan taku, sai ya buɗe fukafukai ya zagaye kansa da su kamar laima, ya cusa kai ciki. Ƙananan kifi su taho neman inuwa, shi ke nan sun kawo kansu. Abokina ya ce wannan ko a kasuwar Kwari aka ajiye shi ba zai kwana da yunwa ba.

Sauran kuwa ba su ƙirguwa. Taka-a-bado na yawo bisa ganye da dogayen yatsunsa, kirinjijiya sun yi garke suna fito, dinya biyu can gefe, zakaran ƙeƙuwa na ta masifa don mun matso. Wani guza ya sulale daga kan tudu ya faɗa ruwa.

Sai baƙi. Da rana ta ɗan ɗago, wani garke na ƙananan agwagi ya tashi gaba ɗaya, sai da ruwan ya yi duhu. Waɗannan ba a nan aka ƙyanƙyashe su ba. Daga Turai da Rasha suke, in ƙanƙara ta fara rufe musu ruwa su tsallako Bahar Rum da Sahara, su sauka nan wajen watan Oktoba, su juya wajen Maris. Hunturun da ya sa ni rawar ɗari, su wurin shan ɗumi suka zo. Baba ya ce da ƙuruciyarsa ya taɓa ganin wadda aka kama da zobe a ƙafa, da rubutun boko a jiki, mutane suka yi ta cewa ta aljanu ce. Masu bincike ne ke sa zoben don su san hanyar da tsuntsu ke bi. Saboda baƙin nan ne ma aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya, a 2000, wuri na farko a Najeriya, kuma duk watan Janairu ana zuwa ƙidayar tsuntsayen.

Abin da ya tsaya mini a rai dai ba tsuntsu ba ne, kacalla ce. Muna tafiya sai ga bango na ciyawa ya fi mutum tsayi, hagu da dama, hanyar ruwan ta tsuke har ganye na marin fuska. Baba ya ce inda muke ɗin nan da fili ne fetal, nan yake jefa koma. Yanzu sai an haɗa gayya da lauje an sare, bayan 'yan watanni ta dawo. Cikinta jan baki ke kwana, su fito da safe su far wa shinkafa da gero.

Na tambaye shi me ya kawo ta. Ya dube ni ya ce, "Ai ku za a tambaya, mutanen Kano." Da wasa ya faɗa, amma da gaskiyarsa. Kogin Haɗeja, mai kawo wa tafkin nan ruwa, daga wajenmu yake tasowa. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Kafin nan ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya share hanyoyinsa ya malale fadama, da rani kuma ya janye ƙasa ta bushe. Yanzu ana sako shi kaɗan-kaɗan duk shekara, babu ambaliyar da za ta wanke laka, babu bushewar da za ta kashe saiwa. Abin da kacalla ke so ke nan. Ta toshe wasu hanyoyin, ruwa ya karkata ya cinye gonakin wasu, na gaba kuma wajen Gashuwa ya ragu musu. Ni da nake sayen tumatirin Kadawa da shinkafar Kura da araha albarkacin ruwan dam, ban ga bakin cewa a rushe dam ba. Amma a ganina mai buɗe ƙofar ruwa a Tiga ya kamata a riƙa kawo shi nan yana shiga kwale-kwalen nan, ko sau ɗaya a shekara.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya iska ta taso, ƙura ta sake rufe tafkin, muka juyo. A bakin gaɓa na sayi tarwaɗa mai ƙyafi, an naɗe mini a takardar siminti, ta tsarabar gida. Baba ya ƙi faɗin kuɗinsa, wai baƙon ɗansa ne ni, sai da abokina ya cusa masa a aljihu.

Leɓena duk ya tsage, na shafa man kaɗanya. Gobe Dagona in Allah ya kai mu, can ƙasar Bade, inda mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, Yarima Philip, ya je kallon tsuntsaye a 1989. Mai motar ya ce ƙarfe shida zai tashi, ko da mu ko ba mu.