Wai 'yan Chana sai da sanda?

A watan Afrilun 2009 ne Jackie Chan, eh shi ɗin dai da muka taso muna kallon dambensa a gidan kallo, ya tashi a wani taron manyan 'yan kasuwa a Boao can tsibirin Hainan ya saki wata magana da har yau ake ja-in-ja a kanta. Cewa ya yi shi fa bai tabbata ko 'yanci abu ne mai kyau ba, wai Hong Kong da Taiwan duk sun rikice, kuma ya fara ganin su 'yan Chana sai an riƙe su, in ba haka ba kowa abin da ya ga dama zai yi. 'Yan taron suka tafa masa, mutanen Hong Kong da Taiwan kuwa suka yi masa caa.

Ni dai ba na cikin masu cewa maganar shirme ce tsagwaronta. Masu ra'ayi irin na Jackie Chan suna da abin nunawa. Bankin Duniya da kansa ya ce kusan mutum miliyan 800 suka fita daga baƙin talauci a Chana cikin shekara 40, layin dogo na jirgi mai gudun tsiya da suka fara a 2008 yanzu ya haura kilomita 40,000, kuma duk ɗan kasuwarmu da ya je saro kaya Guangzhou ko Yiwu in ya dawo labarin kenan, wuta ba ta ɗaukewa, titi fes, ka yi yawonka cikin dare ba mai tare ka. Sai ka ji ana cewa ai mu ma irin wannan hannun ƙarfen muke buƙata.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Hana sata da hana magana ba abu ɗaya ba ne, kuma a can an haɗa su ne a ƙunshi guda, in ka karɓi wannan dole ka haɗiye wancan.

Ku duba Dakta Li Wenliang, likitan ido ne a Wuhan. Ranar 30 ga Disambar 2019 ya rubuta wa abokan karatunsa likitoci a gurup ɗinsu na WeChat cewa su yi hattara akwai wata cuta mai kama da SARS, wato wata muguwar cutar numfashi, a gari, shikenan fa abin da ya yi, ba zanga-zanga ba zagin shugaba, amma ranar 3 ga Janairu sai ga 'yan sanda sun kira shi suka sa ya sa hannu a takarda wai yana yaɗa jita-jita. Ya koma bakin aikinsa, cutar, wadda ita ce korona, ta kama shi, ya rasu 7 ga Fabrairun 2020. Yana kwance a asibiti ya faɗa wa 'yan jarida cewa al'umma mai lafiya bai kamata a ce murya ɗaya kawai ake ji a cikinta ba. Daga baya gwamnati ta janye takardar har ta sa shi cikin gwarazan ƙasa, bayan mai afkuwa ta afku.

Kuma ba yau aka fara ba. A 1959 lokacin Mao, shugaban Chana na wancan zamani, jami'an ƙauyuka sun riƙa aika rahoton ƙarya wai hatsi ya yi albarka saboda tsoron a ce ba su da biyayya, ministan tsaro Peng Dehuai da ya yi ta maza ya rubuta wa Mao gaskiya aka tsige shi, yunwar da ta biyo baya zuwa 1961 ta kashe mutane miliyoyi barkatai. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, to in ka rufe masa baki wa zai faɗa maka?

A 2022 ma haka, aka kulle Shanghai mai mutum kusan miliyan 25 na wata biyu cur saboda korona, mutane na ihu ta taga abinci ya ƙare, bidiyon da aka ɗora kafin ka ce kwabo an goge. Sai da gobara ta tashi a wani bene a Urumqi, babban birnin yankin Xinjiang na Chana, ranar 24 ga Nuwamba ta kashe mutum 10, jama'a suka ɗora laifin a kan shingayen kulle duk da hukuma ta musanta, sannan matasa suka fito a Shanghai da Beijing riƙe da farar takarda ba rubutu ko ɗaya a jiki, tunda duk abin da ka rubuta zai iya zame maka laifi. Ranar 7 ga Disamba aka sassauta dokar kullen. Wasu daga cikin yaran kuma aka bi su gida aka kwashe.

Abin da ya fi ba ni mamaki da zancen masu cewa 'yan Chana "jininsu ne haka" shi ne Taiwan. Yare ɗaya, kakanni ɗaya, su ma sun sha dokar soja daga 1949 har 1987, suka fara zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye a 1996. Eh 'yan majalisarsu kan ba hammata iska, wannan gaskiya ne, amma ƙasar ba ta wargaje ba, su ne ma ke da kamfanin TSMC da ke ƙera ƙwaƙwalwar manyan wayoyin duniya.

Sannan mu masu yabon sandar nan daga nesa mu riƙa tuna kan wa take sauka. A Xinjiang kan Musulmin Uyghur ta sauka, aka tara su a sansanonin da Beijing ta ce makarantun koyon sana'a ne na yaƙi da tsattsauran ra'ayi, ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa a rahotonsa na Agustan 2022 ya ce abin da aka yi zai iya kaiwa laifin cin zarafin bil'adama. A Yulin 2019 ƙasashe 37 suka sa hannu a wata wasiƙa suna yaba wa Chana kan yadda take tafiyar da yankin, kuma cikinsu har da Saudiyya da Pakistan da Najeriya.