Yadda na rasa malamin lissafi a filin asambili

A watan Satumbar 2023 aka ba ni shugabancin wata ƙaramar sakandare a bayan gari, can inda kwalta ta ƙare. Na zo da zafina. Na yi shekaru ina mataimaki ina kallon malamai suna shigowa ƙarfe tara su rubuta bakwai da rabi a rajista, ina cizon yatsa. Don haka Litinin ɗin farko na sayi jan biro. Ƙarfe 7:45 na ja layi a ƙasan sunan ƙarshe, na kuma sanar cewa duk wanda ya faɗo ƙasan layi sau uku, takardar tuhuma na jiransa.

Cikin mako biyu makara ta ragu, ni kuwa har ina yaba wa kaina. Mutum ɗaya ne ya ƙi gyaruwa: malamin lissafi na aji uku. Dattijo ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, shi kaɗai gare mu a fannin. Kullum sai wajen takwas da rabi zai shigo, ƙafafunsa fururu da ƙura, ya sa hannu ƙasan layi bai ce uffan ba. Shirun nan nasa shi ya fi ci mini rai, na ɗauka raini ne. Na ba shi takarda ta farko, ya amsa da layi biyu: a yi haƙuri, zai gyara. Bai gyara ba.

Wata Alhamis ina tsaye gaban ɗalibai ina yi musu faɗan makara, sai ga shi ya shigo ta ƙofa. Shaiɗan ya hau ni. Na nuna shi da yatsa na ce, "To ga babbanku nan, shi ma yanzu ya ga dama." Yara suka kwashe da dariya. Ya tsaya cik, ya dube ni, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, ranka ya daɗe." Ya wuce aji ya yi darasinsa cikakke.

Mako uku bayan nan takardar canjin wurin aikinsa ta iso. Ashe tun ranar ya nema.

Baba mai gadi ne ya warware mini, shi ma sai da na tsare shi da tambaya. Ya ce, "Yallaɓai, ai Malam a ƙasa yake zuwa." Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, Malam ya jingine babur ɗinsa a zaure. Kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa ya fi ƙarfin albashinsa, ga iyali. Sai ya idar da asuba, ya raka ƙananan 'ya'yansa firamare, sannan ya kamo hanya, tafiyar da ta fi awa ɗaya da rabi. Ƙurar da nake gani a ƙafarsa ke nan. Kullum ina ganinta, ban taɓa tambayar kaina daga ina ba.

Abin da har yau yake tsaya mini a wuya shi ne kowa ya sani. Mataimakina ya sani, masinja ya sani, har mai sayar da awara a bakin ƙofa ta sani. Da na yi wa mataimakin faɗan me ya hana shi gaya mini, sai ya ce, "Yallaɓai, ba ka ba da fuska ba." Na ji haushinsa, kuma gaskiya har yanzu ina ganin da ya daure ya faɗa. Amma ni na rufe ƙofar ofis, ni na sa sai an yi sallama sau uku kafin a shigo.

Kuɗin da muka biya ba kaɗan ba ne. 'Yan aji uku suka yi zango guda da rabi ba malamin lissafi, ga jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare na tafe. Na rubuta wa hukuma wasiƙa har na gaji da ƙirgawa, amsar ɗaya ce: babu, a jira ɗaukar ma'aikata. Malamin kimiyya ya riƙa toshewa, daga baya muka samu ɗan bautar ƙasa, yaron kirki, amma karatun tattalin arziki ya yi. Ni kaina na koma riƙe alli, ina tuna yadda ake warware lissafin da na rabu da shi tun ina kwalejin horon malamai. Sakamakon shekarar ba na son tuna shi.

Layin nan ban daina jansa ba, don makaranta ba ta tafiya sakaka. Abin da na canza shi ne abin da ke biyo bayansa. Yanzu in suna ya faɗo ƙasa sau biyu, ba takarda nake ɗaukowa ba, kiran mutum nake mu zauna, in tambaye shi lafiyar gida tukuna. Sau da yawa kafin shayi ya huce na ji abin da takarda goma ba za ta fito da shi ba: mai jego da ba ta da mai riƙe mata jariri, wanda mahaifinsa ke kwance a asibiti. Akwai kuma malalata na gaske, kada a ce ban faɗa ba, su kam suna samun takardarsu, amma a ofis, ƙofa a rufe. Gaban ɗalibi ko gaban iyaye, malamina yana da gaskiya har sai mun keɓe.

Jadawalin darasi ma muka sake shi. Masu zuwa daga nesa aka ɗauke musu darasin farko da na biyu, suka karɓi na bayan tara. Aikin yamma ɗaya ne da fensir da magogi, ko sisi bai ci ba. Da na yi shi a watan Oktoba, da Malam yana nan. Wannan tunanin shi ke hana ni barci wani lokaci: ba kuɗi yake nema a wurina ba, awa ɗaya kawai yake buƙata. Lokacin tara kuma na daina ci a ofis, ɗakin malamai nake zuwa da ƙosaina. Makon farko duk hira ta mutu da na shiga. Sai da aka yi wata guda kafin wata malama ta iya ce mini allon ajinta ya fashe tun bara.

Na je har gidan Malam na ba shi haƙuri. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ga babur ɗin nan a jingine an lulluɓe shi da tsohon buhu. Ya ce ya yafe tun ranar, ya kawo mini ruwa, muka yi la'asar tare. Da na kawo maganar dawowa sai ya yi murmushi ya ce makarantar da yake yanzu tafiyar minti goma ce, yaran ma sun saba da shi. Ya rako ni har bakin titi, yana tambayata ko 'yan aji ukun sun kai babin kusurwoyi.