Abin da Aikin Dare Ya Koya Mini Game da Shaidar Almasihu

Shekarata ta tara ke nan ina aikin jinya, kuma rabin shekarun a ɗakin maza na yi su, inda aikin dare ya fi ko'ina tsawo. Da ƙarfe biyu ta wuce, an gama allurai, an duba masu ƙarin ruwa, sai a zauna a teburi ana gadin numfashin mutane. A irin wannan lokacin ne hira kan yi zurfi, kuma a nan ne na fi shan tambayoyi game da addinina, domin sau da yawa ni kaɗai ce Kirista a cikin masu aikin.

Da farko da shirin faɗa nake zuwa. Tun muna makarantar sakandare, a zumuntar ɗalibai ta FCS, na haddace amsoshi kamar mai shirin jarrabawa. In aka tambaye ni Triniti, wato koyarwar Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, sai in kawo misalin ƙwai, ɓawo da fari da gwaiduwa, misalin da ni kaina bai taɓa gamsar da ni ba. In aka taɓo naman alade ko ɗankwali sai in ɗaga murya. Na sha komawa gida ina jin na yi nasara, alhali ba wanda ya ƙaru da komai.

Wadda ta fara taka mini birki wata babbar ma'aikaciya ce da muke kira Hajiya, ta girme ni da kusan shekara ashirin. Wani dare na yi wa wata tsohuwa tsawa saboda ta taɓa robar ƙarin ruwan ɗanta. Ko awa ɗaya ba a yi ba ina zaune ina bayanin ƙaunar Yesu. Hajiya ta bari na kai aya, ta zuba shayi daga fulas, ta ce, "'Yata, tsohuwar can tana jin ki fa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na tashi na je na ba tsohuwar haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ayar da muke yawan ja a 1 Bitrus 3:15, wadda ta ce mu zauna da shirin ba da amsa game da begen da ke cikinmu, ashe rabinta na riƙe. Ragowar ta ce a yi shi da tawali'u da ladabi. Tun ranar kuma na daina yi wa majinyaci wa'azi yana kwance, sai in shi ya nema, don wanda allurarsa ke hannunki ba shi da bakin ce miki a'a.

Babban darasin sai a 2023 ya zo, shekarar da Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, ta faɗo cikin azumin Ramadan. Daren Juma'a 7 ga Afrilu muna aiki tare, tana jiran lokacin sahur. Ta ce, "Wai me kuke biki a kai? Mu ma ai mun yarda da tashin ƙiyama, mun kuma yarda Annabi Isa yana raye." Na buɗe baki zan fara zuba, sai na ga ban ma san inda muka rabu ba. Ita ce ta nuna mini: Suratun Nisa'i, aya ta 157 da ta 158, inda aka ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi zuwa gare shi. Ashe duk shekarun nan ina ta ƙoƙarin tabbatar wa mutane Allah yana da ikon ta da matacce, abin da ba su taɓa musu ba. Saɓaninmu a ranar Juma'ar gicciye yake, tun kafin a kai Lahadin tashi: ya mutu ko bai mutu ba?

Wannan ya mai da ni karatu, ba don Hajiya ba, don kaina. A matsayina na wadda ta rufe idon mamata da yawa, na san mutuwa ba ta ɓuya, kuma sojojin Roma sun fi ni saninta, kisa ne sana'arsu. Yohanna ya ce da suka iske ya riga ya mutu ba su karya ƙafafunsa ba, ɗayansu ya soke shi da mashi a kwiɓi. Har Tasitus, marubucin tarihin Romawa wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya rubuta cewa an kashe Almasihu a hannun Bilatus, gwamnan Romawa a Yahudiya, a zamanin sarki Tibariyas.

Amma inda na fi daɗewa shi ne 1 Korintiyawa 15. Manzo Bulus ya rubuta wannan wasiƙar wajen shekara ta 55, kimanin shekara 25 bayan gicciyen, ya kuma ce abin da ya karɓa ne yake miƙawa, wato maganar ta riga wasiƙar. Ya jera waɗanda suka ga Yesu bayan tashinsa: Bitrus, almajirai sha biyun, 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya, yawancinsu suna da rai sa'ad da yake rubutun, sannan Yakubu. Yakubun nan ɗan'uwan Yesu ne, kuma Yohanna 7:5 ta ce 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba. Mai ƙanne ya san wuyar a ce ɗan gidanku ya kira ka Ubangiji, amma Yakubu ya zama jagoran ikilisiyar Urushalima har aka kashe shi a shekara ta 62. Ga kuma mata, su Maryamu Magadaliya, su ne na farko a bakin kabari, a zamanin da ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi. Mai ƙirƙirar labari ai da manyan maza zai fara.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne Bulus bai bar wa kansa mafita ba. Ya ce in ba a ta da Almasihu ba, wa'azinsu banza ne, bangaskiyarmu banza ce, muna nan cikin zunubanmu. Ni da nake kare ɗankwali da ƙwai, ashe ginin duka a kan dutse ɗaya yake zaune. Ya kira Yesu nunan fari, kalmar da duk ɗan manomi ya sani: in zangarniyar farko ta nuna, sauran gonar tana tafe.

Da muka sake haɗuwa na faɗa wa Hajiya wannan a taƙaice, ba gardama. Na ce, "Hajiya, mu mun gaskata ya mutu da gaske domin zunubanmu, ya tashi da jiki a rana ta uku. In wannan ƙarya ne, ba ni da komai." Ta ce, "To, yau kam na ji abin da kika yarda da shi." Tana nan a kan addininta, ina kan nawa, kuma ban ga alamar ɗayanmu za ta motsa ba.

Bayan wata biyar mahaifina ya rasu. Hajiya ta shigo mota ta zo har ƙauyenmu ta'aziyya, ta iske 'yan Zumuntar Mata suna kaɗa tulu suna waƙar tashin matattu, gawa na cikin ɗaki. Ta zauna kusa da ni a tabarma, ta daɗe tana saurare, sannan ta matso ta ce, "Nunan farin nan da kika ce, shi suke rerawa ko?" Na ce shi ne. Ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya ba ku haƙuri, 'yata," ta tambayi inda za ta yi alwala, don la'asar ta yi.