Yadda Ake Jona Batir Ba Tare Da An Ƙona Mota Ba

Da yawa daga motocin da ake jawo mana gareji da ƙonannen altaneto (na'urar da ke cajin batir) ko ƙonanniyar ƙwaƙwalwa (kwamfutar da ke sarrafa inji), abin da ya fara samunsu mutuwar batir ce kawai. Wajen ceto aka yi ɓarnar. A cikinmu masu wayarin mota da wuya a samu wanda bai biya kuɗin ɓarnar hannunsa ba lokacin koyo, don haka ku ƙannenmu, sababbin direbobi da yaran gareji, ga abin da muka saya da tsada, ku karɓa kyauta.

Kafin ka tare motar kowa, tabbatar batir ɗin ne. In ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban sitiyari suka dushe, hon ya yi rauni, to wuta ce ta yi ƙasa. In kuwa fitilu na haske tar, hon na kuka da ƙarfinsa, amma inji bai motsa ba, ka zargi kik (na'urar da ke juya inji ya tashi) ko wayarsa, jona batir ba zai yi maganin wannan ba. Girgiza kawunan batir da hannu. Sau tari wanda ake cewa ya mutu lafiyarsa lau, kan ne ya saki, ko farin garin nan ya taru ya hana wuta wucewa. A kwance da sifana mai lamba 10, a kankare, a ɗaure tamau. Mai mita ya auna: batir cikakke yana ba da bolt 12.6 in mota na kashe, wanda ya sauko ƙasa da 12 kuwa ya sha jiki.

Akwai batir ɗin da ba a jonawa ko da wa ya roƙa: wanda ya kumbura, wanda ya tsage yana yoyon ruwa, da wanda ke warin ruɓaɓɓen ƙwai. Zafin ƙasarmu yana busar da ruwan batir, kuma wanda ya bushe ko ya lalace daga ciki yana iya fashewa in an tura masa wuta. Ruwansa asid ne, yana cin tufa, yana cin fata, yana makantarwa. In ya fantsamar wa mutum a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, a wuce asibiti.

Motar da za ta ba da wuta ita ma ta zama mai bolt 12. Tirela da manyan motoci batir biyu suke haɗawa su ba da 24, kuma wannan wutar in ta shiga ƙaramar mota sai abin da ta rage. Mota mai haɗin fetur da lantarki irin Prius kuma kada ka nemi ta ba ka wuta, ƙaramin batir ɗinta ba don juya inji aka yi shi ba.

Sai waya. Kik yana jan amfiya 150 zuwa 300 a ƙaramar mota, dizal ta fi haka. Wayar wutar gida mai kaurin sukwaya milimita 2.5 ba za ta ɗauka ba, zafi za ta yi, robarta ta narke a hannunka. Nemi wayar jona batir ta gaskiya, mai kaurin 16 ga ƙaramar motar fetur, 25 ko sama ga babban inji da dizal. Wasu na kasuwa robar ce mai kauri, tagullar ciki 'yar siririya, don haka ka duba wajen baki inda ƙarfen ya fito kafin ka biya. Dabarar kifa batir a kan batir, ko gitta sifana biyu tsakaninsu, ku bar ta gaba ɗaya.

A matso da motocin kusa amma kada jikinsu ya taɓa juna. A ja hambirki, a sa giya a furi, mai otomatik a P. A kashe motocin biyu, a kashe fitilu da rediyo da na'urar sanyi. Cire agogon ƙarfe da zobe, mai sigari ya yi nisa. Sannan ka nemi alamar + da − da idonka a jikin batir. Kada ka yarda da launin waya, domin motocinmu sun ratsa hannaye da yawa, za ka iske an ɗaura jar waya a kan −. In datti ya rufe alamar, goge. In ta shafe, kan + ya fi kan − kauri, kuma wayar − gajera ce da ke ƙarewa a jikin mota ko inji.

Jar waya ake fara sawa: baki ɗaya a kan + na mataccen batir, ɗaya bakin a kan + na mai rai. Sai baƙar waya: baki ɗaya a kan − na mai rai, na ƙarshen kuma a wani ƙarfe mai kauri marar fenti a jikin injin motar da ta mutu, kamar kan kusa ko maƙalin da ake ɗaga inji, nesa da batir da bututun mai da bel. Wannan baki na ƙarshe shi ne wanda kusan kowa ke sawa a kan − na mataccen batir don sauƙi, kuma sau da yawa a tsira. Amma bakin ƙarshe ne ke fitar da tartsatsi, batir kuma yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta nan take, musamman wanda ya sha wahala. Tartsatsin ya tashi can jikin inji ya fi ya tashi a saman batir, fuskarka na sunkuye a kai. Wasu motoci, irin BMW da wasu Mercedes, batir ɗinsu na but ko ƙarƙashin kujera, amma an tanadi wurin jonawa a ƙarƙashin bonet, mai jan murfi. Shi za ka nema.

In aka juya waya, + ya tafi −, ɓarnar ba ta ɗaukar daƙiƙa. Mai sa'a babban fiyus ne zai tsinke. Marar sa'a altaneto zai ƙone, wani lokaci har da ƙwaƙwalwar mota. Da ka ga tartsatsi mai ƙarfi ko waya ta fara zafi, cire nan da nan, kada ka ce bari a gwada.

Tayar da motar mai rai, a ɗan taka totur allurar juyin inji ta tsaya wajen 2,000, a bar ta minti 5. Masu gaggawa a nan suke faɗuwa: suna maƙala waya sai su murɗa makulli, alhali mataccen batir bai sha komai ba. Bayan nan gwada. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, ka huta minti ɗaya tsakani. In an yi sau uku ko huɗu ba ta tashi ba, tsaya, akwai wata matsalar, ci gaba kik kawai zai ƙona. In ta tashi, cire wayoyin daga ƙarshe zuwa farko: baƙa daga inji, baƙa daga mai rai, ja daga mai rai, ja daga ɗayan, kada bakunan su haɗu.

Yanzu ga wanda ya fi cinye motoci a wurinmu. A aro batir, a ɗaura, a tayar da mota, sannan a zare shi inji na aiki a mayar da mataccen. Tun zamanin Peugeot 504 aka saba da haka, kuma ita ta jure saboda babu ƙwaƙwalwa a cikinta. Motar yau ba haka take ba. Batir ga altaneto kamar madatsar ruwa yake, shi ke shanye ambaliya. Da ka zare shi inji na juyawa, wuta na iya yin tsalle ta ninka bolt 12 sau da dama cikin ƙiftawar ido, ta bi ta ƙwaƙwalwa da rediyo da allon mita. Wani lokaci ba ranar za a ga illar ba, sai bayan makonni mota ta fara wasu halaye a rasa dalili. Haka masu zare kan batir wai don gwada altaneto, kuskuren ɗaya ne. In batir ɗin aro kawai ka samu, ajiye shi a ƙasa ka jona da waya kamar yadda aka faɗa, ko ka ɗaura shi ka bar shi a motar, ka kai naka caji.

Turi kuma na mai giyar hannu ne kaɗai: makulli a kunne, giya ta biyu, a sake kuloci in ta ɗauki gudu. Otomatik ba a tura ta. Ko mai giyar hannun ma, in batir ya mutu murus, famfon mai ba zai samu wutar aiki ba, sai dai ku gaji a banza.

Bayan ta tashi, yi tafiyar aƙalla minti 30 ba tare da kashewa ba, duk da haka ba cika ya yi ba, wanda ya sauka sosai sai an ɗora shi a caja na sa'o'i. A sa mita inji na aiki: tsakanin 13.7 da 14.7 altaneto na caji. Ƙasa da 13 ba ya yi, duba bel kafin ka sayi komai. Sama da 15 yana dafa batir ne, sabo ma kashe shi zai yi. In caji daidai ne amma kullum da safe sai an jona, ko dai batir ya tsufa, ko wani abu na shan wuta cikin dare. Fara da abubuwan da aka ƙara wa motar daga baya, rediyo, amfilifaya, na'urar bin diddigi, sannan fitilar but da ba ta mutuwa in an rufe.