Reza Kafin Almakashi

A shagonmu reza ta fi keken ɗinki shan aiki. Mu huɗu ne, ni da mai yanka da yara biyu masu koyo, kuma duk sa'ar da ka leƙo za ka tarar da aƙalla mutum biyu sun duƙufa suna farke ɗinkin da wani tela ya yi a wata ƙasa shekarun baya. Sana'ar ke nan. Mu sayi gwanjo da ragowar yadin da masana'antu suka yar, mu wargaza, mu ɗinka abin da ido bai saba gani ba: kwat mai wuya a karkace, siket da aka haɗa da hannayen riguna, riga mai aljihu a gadon baya. Masu wucewa wasu su yi dariya, wasu su shigo su taɓa, a cikin masu taɓawar ake samun mai saye.

Bari in ɗauki wandon jins, tunda shi muka fi taɓawa. Wanda bai san kan abin ba almakashi zai sa ya datse ƙafafun ya wuce, ya yi asara bai sani ba. Ɗinkin cikin ƙafa naɗe shi ake yi, baki cikin baki, a bi da layi biyu. In ka farke shi a hankali za ka ƙaru da yadi wajen faɗin yatsa, kuma wurin yana nan da duhun shuɗinsa na ranar farko, don rana da sabulu ba su taɓa isa gare shi ba. Galibi ɗinkin sarƙa ne, irin na bakin buhu. Ka kama bakin zaren da ya dace ka ja, sai ya zube tun daga sama har ƙasa. Ka kama ta ɗaya gefen kuwa, ranar nan sai ka wuni kana tsinka ɗaya-ɗaya. Da wannan nake fara gwada haƙurin yaro in ya zo koyo.

Sai aljihun baya. Da ka ɗaga shi za ka ga inuwarsa a kwance, shuɗi mai duhu a tsakiyar koɗaɗɗen yadi, har da 'yan hudojin da allura ta bari a jere. Dalili shi ne rinin jins a bayan zaren tsaye kawai yake zama, cikin zaren fari ne, zaren kwance ma fari ne, shi ya sa yake koɗewa duk inda jiki ya goga. Wannan inuwa babu injin da zai yi maka ita yadda shekaru suka yi ta, kuma ita muke ɗorawa a ƙirjin kwat inda kowa zai gani. Abin da muke tsoro shi ne 'yan ƙusoshin jan ƙarfen nan na bakin aljihu, waɗanda wani tela mai suna Jacob Davis da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi wa rajista a Amurka a 1873. Sun yi su ne don kada aljihun ma'aikaci ya yage, sun kuwa yi nasara, domin har yau suna karya mana allura suna dakusar da almakashi. Da filaya muke cire su mu tara a kwalba.

Tela na kullum zane yake fara yi, sannan ya ce a sayo yadi kaza. Mu namu a juye yake, ƙyallen ne ke faɗa mana abin da zai yarda ya zama. Wuri mafi faɗi a ƙafar wando shi ne cinya, ba ya wuce wannan. Gwiwa ta riga ta buɗe ta yi tozo, ko ka kwana kana danna mata dutsen guga ba za ta kwanta ba. Tsakanin cinyoyi ya sha guga ya yi sirara, in ka ɗaga shi a hasken taga har mutum kake hange ta ciki. To sai mu yayyanka kwalin awo gunduwa-gunduwa, mu riƙa zagayawa da shi a kan ƙyallayen har kowane ya sami mazauni, muna lura kada tsayin saƙar wani ya saɓa wa na maƙwabcinsa. Yawan layukan ɗinkin da mutane ke yabawa a kayanmu, suna cewa ado ne, rabinsu tilas ce ta haife su. Tozon gwiwar nan ma daga baya na daina faɗa da shi, na mayar da shi gwiwar hannu, inda dama ake son wuri ya ɗan buɗe.

Ban koyi wannan a arha ba. A shekarata ta farko na ɗinka wa wata baiwar Allah doguwar kwat da wanduna kala-kala, ban kula cewa biyu daga ciki irin masu roba a saƙarsu ba ne, masu miƙewa su koma. A jikin mutum-mutumi ta zauna ɗas. Wanki ɗaya aka yi, ɓangaren auduga zalla ya tsaya inda yake, mai robar ya tattare, gaban kwat ɗin ya yi ta kumbura kamar an cusa iska. Ta dawo da ita a leda ta ajiye a kan tebur, ta ce, "Malam, salon ne haka ko kuwa?" Tambayar ta fi zagi ciwo, don da gaske take yi, ta kasa bambance gangancina da kuskurena. Na ce, "Ranki ya daɗe, kuskure ne, nawa ne kuma." Na mayar mata da kuɗinta.

Tun ranar babu ƙyallen da ke hawa teburin yanka sai an wanke shi da ruwan zafi, ya gama duk shigewar da zai yi, ya zubar da duk rinin da zai zubar. Takardar da ke wuyan riga kuwa ba na yarda da ita, sau da yawa ma ta goge. Zare nake zarowa in kai shi bakin wutar ashana. Auduga tana ci da sauri, ta yi warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu yana ƙaurin gashi, ya bar baƙin dunƙule da ke murmushewa a yatsa. Poliyesta kuwa narkewa take ta guji wutar, ta daskare ta zama ƙwallo mai tauri. Abin da ya yi rabi toka rabi ƙwallo gauraye ne, shi kuma tarinsa daban.

Maganar matar nan ita ce ta tsaya mini a rai game da ɗaya rabin sana'ar, wato salon da ya saɓa wa yayi. Sunan da Faransawa suka ba shi, avant-garde, asalinsa kalmar soja ce, 'yan sahun gaba da ke shiga wuri kafin runduna ta iso. Yara masu tasowa suna ganin hotunansa a waya, bakin riga a tsefe, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, sai su ɗauka an ba su lasisin yin aikin banza. Ɗaya daga cikin yarana ya taɓa kawo mini riga kafaɗa a murɗe, na ce wannan fa? Ya ce, "Maigida, ai irin namu ne." Na ce ya je ya ɗinko mini farar riga ta ofis, mai kwala da maɓallai a layi, in ta fito daidai sai mu yi zancen murɗewa. Sati uku ya yi a kanta.

Manyan da ake kwaikwayo ai sun san ƙa'idar ciki da bai kafin su taɓa ta. Rei Kawakubo, 'yar Japan mai gidan ɗinkin Comme des Garçons, ta fara baje kayanta a Paris a 1981, ta zo da baƙaƙen tufafi masu faɗi a lokacin da ake yayin ƙyalli da matse jiki. Akwai baƙar suwaitarta ta 1982 mai hudoji ko'ina kamar asu ya ci. Duk wanda ya taɓa riƙe saƙa ya san in rami ya buɗe da kansa, tsefewa zai yi ta yi har rigar ta ƙare. Nata ramukan a cikin saƙar aka gina su, shi ya sa suka tsaya inda aka ajiye su. A 1997 ta cusa dunƙulen matashi a kafaɗa da ƙugu da gadon baya, wuraren da ba a saba son jiki ya kumbura ba, aka yi ta surutu, yau kayan suna gidajen tarihi. Martin Margiela na Beljiyam, wanda ya buɗe gidan ɗinkinsa a Paris a 1988, shi ne ya ɗinka suwaita da tsofaffin safar sojoji a 1991, ya kai dunduniyar safa gwiwar hannu. Lokacin da na ga hoton sai na yi murmushi, ashe dabarar da na yi ta fama kafin in gano a gwiwar wando wani ya riga ni da daɗewa.

Wanda na fi jin kusanci da shi shi ne Lamine Kouyaté, ɗan Mali mai gidan ɗinkin Xuly.Bët, da ya yi suna a Paris a farkon shekarun 1990. Gwanjo yake saye ya farke ya sake haɗawa, ya bar ɗinkin a waje da jan zare, yadda kowa zai ga inda aka yanka da inda aka haɗa. Mai ɓoye ɗinki a cikin shafi yana da wurin ɓoye kuskure. Wanda ya fito da shi fili da jan zare ba shi da mafaka, dole layinsa ya miƙe. Kafin su duka kuma akwai matan manoma a arewacin Japan, inda sanyi ya hana auduga fitowa, da suka riƙa ɗora faci a kan faci suna bi da ƙananan ɗinkin hannu, riga ɗaya ta ratsa kaka da jika. Boro ake kiran irin waɗannan tsummokara. Su talauci ne ya sa su, kuma ina jin nauyi duk lokacin da na ga ana tallata kwaikwayonsu kamar wani abin ƙawa.

Tambayar da ba ta ƙarewa a bakin masu saye ita ce, kayan da aka yi da tsumma me ya sa ya fi sabo tsada? Ba na jin haushi, tambaya ce mai ma'ana. Masana'anta takan shimfiɗa yadi hawa-hawa ta yanka riguna masu yawa a tashi ɗaya. Mu kowane ƙyalle sai an zaɓe shi, an wanke, an farke, an goge, an ɗaga a haske, an yanka shi shi kaɗai. Wani lokaci nakan miƙa wa mai tambayar reza da ƙafar wando in ce bisimilla. Ba a cika kai rabin ƙafa ba ake ajiyewa. Wata wahalar kuma, ka sa hoton riga a intanet, mutum biyar su ce irinta sak suke so, alhali wandunan da suka haife ta babu su kuma a duniya. Zubin zan iya maimaitawa, launin da inuwar sai abin da dila ta kawo.

Ba na son in yi wa kaina kirarin mai ceton duniya, ko da yake masu talla sun so in riƙa yi. Wani rahoto da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya ce ƙasa da kashi 1 cikin 100 na kayan da ake yin tufafi da su ne ake sake mayarwa sababbin tufafi. Wanda ya ga hotunan tsaunin tsummokaran da aka jibge a hamadar Atakama ta ƙasar Chile ya san shago mai keken ɗinki uku ba zai rage komai a wurin ba. A cikin dilar da muke buɗewa ma, sirarun rigunan poliyestan nan da ake yi don a sa sau biyu a yar ba su da abin da za mu kama, allura na shiga suna yagewa. Mukan yayyanka wasu mu cusa a matashin kujera, sauran suna nan a buhu a bayan ƙofa, kullum ina kallonsu suna kallona.

Akwai wata kwat da ta shekara biyu a rataye kusa da taga. Ni na ɗinka ta da hannuna, hannaye uku gare ta, na ukun ana naɗa shi a wuya ya zama mayafi. Ɗinkinta ba shi da makusa, duk wanda ya shigo sai ya ɗauke ta hoto, amma babu wanda ya taɓa tambayar kuɗinta, don in ka sa ta ka zauna hannun nan na uku shaƙe ka yake. Gefen da ke kallon rana har ya fara koɗewa, ya bar layi a inda rataya ta tsare shi. Jiya na sauke ta na miƙa wa yaron nan mai farar riga. Ya juya ta ya dube ni ya ce, "Maigida, taka ce fa." Na ce ya fara ta hammata, kuma ya bi a hankali wajen kafaɗar hagu, layin nan da rana ta yi ina son sa.