Gidajen port da gonakin inabin Douro: yadda ɗan Kaduna zai tsara ziyara

Wanda ya taɓa shiga gonakin Kudan, can gaba da Zariya, ya san inabi ba baƙo ba ne a jihar nan. Abin da ba mu da shi shi ne gonar da ta haura shekara ɗari a hannun gida ɗaya, katangar da kaka ya jera da hannunsa har yau ita ke riƙe wa jika ƙasa. Irin wannan ake zuwa gani a kwarin kogin Douro, a arewacin Fotugal, inda ake yin giyar nan mai zaƙi da ake kira port. Sai dai yawancin masu zuwa ba sa kai wa kwarin. Su sauka birnin Porto, su haye gada zuwa Vila Nova de Gaia, su zagaya gidan port ɗaya, wato inda kamfani ke ajiye gangunan giyarsa, su dawo suna cewa sun gani. Sito suka gani. Gonar tana can kilomita ɗari gabas.

Gara a fara da abin da ke ran kowa. Kaduna gari ne na Musulmi da Kirista, kuma ba da niyya ɗaya kowa zai je ba. Musulmi ya san hukuncin sha, amma akwai inda ake zamewa ba a lura ba. A lokacin girbi gonaki da yawa suna gayyatar baƙi su naɗe wando su shiga kwarmin dutse su tattake inabi, ana kiɗa ana ɗaukar hoto. Abin kamar wasa, alhali hadisin da ya yi magana a kan giya ya ambaci mai matsa ta da mai ɗaukarta, ba mai sha kaɗai ba. Haka ma kwalbar tsaraba da maƙwabci ya ce a riƙo masa. Shiga wurin don kallon noma da gini kuwa, wannan tambaya ce da za ka kai wa malaminka tun kana gida, ba sai ka tsaya a ƙofar gidan mutane kana waswasi ba.

Takardu ba su da wani sirri. Biza ta Shengen, wadda ƙasashen Turai da dama suka haɗu a kanta, ake nema, kuma Fotugal tana da ofishin jakadanci a Abuja. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun watan Yuni na 2024, sai inshorar lafiya da ta kai aƙalla yuro 30,000. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma mai son ganin girbin Satumba ya fara tun Afrilu ko Mayu, don samun ranar ganawa shi ne aikin. Daga Rigasa jirgin ƙasa zuwa Abuja, daga can jirgin sama mai yada zango a Istanbul, Faris ko Frankfurt. Daga filin jirgin Porto layin E na jirgin cikin gari yana kai ka tsakiyar birni cikin kamar rabin awa.

Gaia tana tsallaken kogi, kamar yadda Barnawa take da tsakiyar gari. Gadar Dom Luís, wadda aka buɗe a 1886, hawa biyu ce. Bi ta sama da ƙafa, domin daga nan ne za ka ga dogayen rufin jan tayil jere a gangare, kowanne da sunan gidansa da manyan haruffa: Sandeman, Cálem, Ferreira, Taylor's, Graham's. Yawan sunayen Turawan Birtaniya ba haɗari ba ne. Yarjejeniyar Methuen ta 1703 ta rage harajin giyar Fotugal a Ingila, 'yan kasuwarsu suka ƙara zuwa suna kafa gidaje. Taylor's tun 1692 take, Sandeman 1790, Graham's 1820. A 1756 kuma Markis na Pombal, babban ministan Fotugal na lokacin, ya sa aka shata iyakar yankin da aka yarda a noma inabin port, aka kakkafa duwatsu a matsayin alama.

Dalilin da ya sa sito ke bakin teku gona ke can ciki shi ne zafi. A kwarin, rani kan haura digiri 40, abin da ke cikin ganga sai ya dahu. Gaia tana samun iskar Atlantika mai sanyi da laima. Shi ya sa a da ake loda ganguna a kwale-kwale masu shimfiɗaɗɗen gindi da ake kira rabelo, a gangaro da su ta kogi. Waɗanda za ka gani a ɗaure a bakin ruwa yanzu na talla ne kawai. Har zuwa 1986 doka ta tilasta duk port da zai fita ƙasar waje ya bi ta Gaia, kuma sauya wannan dokar ce ta ba ƙananan gonakin iyali damar sayar da nasu da sunansu.

Zagayen gida ɗaya yakan ɗauki minti 45 zuwa awa guda. A sayi tikiti ta intanet, a kuma duba harshen, saboda kowane harshe da lokacinsa. Wanda ya faɗo kai tsaye da rana tsaka sai ya tarar zagayen Turanci ya cika, saura na Faransanci. Sandeman da Cálem suna bakin ruwa. Taylor's da Graham's suna kan tudu, hawan kuma ba na wasa ba ne, in da dattijo a tafiyar a ɗauki tasi. Ciki akwai duhu da sanyi, ƙasa da laima, ƙamshin itace da barasa yana bugun hanci tun daga ƙofa. Mai ciwon asma ko wanda warin kansa ke damu ya san da wannan. A ƙarshe ana zaunar da kowa a ajiye masa kofi biyu ko uku, kuma kuɗinsu yana cikin tikitin. Wanda ba ya sha ya faɗa tun wajen karɓar tikiti, ya tambayi sumo de uva, wato ruwan inabi zalla. Gida ɗaya ya isa. Na biyu maimaici ne, gangunan dai su ne.

Abin da ya kamata a fahimta a can shi ne bambancin manyan ganguna da ƙanana. Babbar, mai cin dubban lita, ba ta barin iska ta taɓa abin da ke ciki sosai, sai ya zauna ja wur da ɗanɗanon 'ya'yan itace: shi ne ruby. Ƙaramar, pipa, mai cin kamar lita 550, tana shaƙar iska ta jikin itacen, launin ya koɗe ya koma ruwan zuma: shi ne tawny, mai lambar 10, 20, 30 ko 40 a jikin kwalba. Vintage na shekara ɗaya ne da ta yi kyau ƙwarai, ana ɗura shi a kwalba bayan kamar shekara biyu ya ci gaba da tsufa a can. Ga mai saye, kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe vintage mai tsada a ajiye kan kanta a zafin Kaduna har mako uku. Kwana biyu zuwa uku yake yi bayan buɗewa. Tawny ne ke jure wata ɗaya ko fiye a firji. Kwalba kuma a babbar jaka take tafiya, a naɗe da kaya, don ba a wuce lita ɗaya bisa goma a jakar hannu.

Yanzu sai kwarin. Jirgin ƙasa yana tashi daga São Bento ko Campanhã, ya kai Peso da Régua cikin kamar awa biyu, Pinhão kuma kamar rabin awa gaba. Zauna ta hannun dama. Awa ta farko ba komai sai unguwanni da gonakin masara, daga nan layin ya gangara ya manne da kogi, tuddai su fara tashi ta kowane gefe an yanka su matakala-matakala tun daga bakin ruwa har inda ido ya tsaya. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Jirage ba su da yawa a rana, don haka a san lokacin na ƙarshe kafin a sauka. Mai son tuƙi akwai hanyar N222 tsakanin Régua da Pinhão, amma hanyoyin da ke hawa zuwa gonakin ƙunci gare su, kwana a kan kwana, wani wurin mota biyu ba sa giftawa.

Gona a can quinta ake ce mata. Quinta do Bomfim ta iyalin Symington da Quinta da Roêda ana zuwa da ƙafa daga tashar Pinhão. Quinta de la Rosa ta iyalin Bergqvist tana ɗan gaba kaɗan a bakin kogi. Quinta do Vallado, kusa da Régua, tana hannun zuriyar Dona Antónia Ferreira, matar da ta rasu a 1896 bayan ta mallaki gonaki da dama a kwarin. Ƙaramar gona ba kamar sitocin Gaia ba ce: mai zagayawa da kai yana iya zama ɗan gidan ne da ya bar aiki ya zo. A aika saƙo kwana biyu ko uku kafin zuwa, a faɗi yawan mutane, a faɗi cewa gonar ake son takawa ba ɗakin ɗanɗano ba, a kuma zo kan lokaci. Tasi kaɗan ne a Pinhão, a yi maganar dawowa da direban da ya kawo ka.

Durƙusa ka ɗebi ƙasar. Kusan ba ƙasa ba ce, ɓaraguzan wani dutse ne mai falle-falle da ke tsagewa a tsaye, jijiyar inabi ta bi tsagar ta nutsa mita da yawa neman laima. Matakalar iri uku ce. Akwai tsohuwa mai katangar dutse ba siminti, socalcos. Akwai patamares, wadda katafila ta yanka tun shekarun 1970, mai gangaren ƙasa maimakon katanga, layi ɗaya ko biyu a kowane hawa. Ta fi arha, ƙaramar tarakta na shiga, amma ruwan sama mai ƙarfi yana zaizaye ta kuma ciyawa na cin kuɗi. Sai layukan da aka miƙe daga ƙasa zuwa sama inda gangaren bai yi tsanani ba. Za ka kuma ga wasu matakalai da daji ko zaitun ya cinye. Sunansu mortórios, kufai ke nan: wani ƙwaro mai cin jijiya, filoksera, ya shigo a shekarun 1860 ya kashe gonakin. Maganin da aka samu manomin mangwaro zai gane shi nan take, aure ne. Gindin inabin Amurka da ƙwaron ba ya kashewa, a ɗaura masa reshen na gida. In ka duba gindin kowace kuranga, ɗan sama da ƙasa, za ka ga kumburin wurin ɗaurin.

Girbi daga ƙarshen Agusta ne zuwa farkon Oktoba, da hannu, cikin akwatunan roba da ba sa wuce kilo 25 don na ƙasa kada ya fashe ya fara tsami kafin a kai gida. Kwarmin da ake zubawa, lagar, na dutse ne, zurfinsa bai kai mita ba. Masu taku su jeru kafaɗa da kafaɗa, hannu a wuyan juna, suna ɗaga ƙafa a tare bisa kiran mutum ɗaya, kusan awa biyu, kafin a sake su kowa ya taka yadda ya so. An zaɓi ƙafa ne saboda tana fasa ɓawo ba ta fasa ƙwallo, ƙwallon kuwa ɗaci gare shi. Sauri ake yi domin lokacin kaɗan ne: kwana biyu zuwa uku da fara tsimuwa, tun kusan rabin sukarin bai ƙone ba, sai a tace ruwan a zuba masa barasar inabi mai ƙarfin kashi 77 cikin ɗari, kamar lita 115 a kan lita 435. Yis, wato ƙwayoyin da ke tsima ruwan, ya mutu, zaƙi ya tsaya, ƙarfin ya kai kashi 19 zuwa 22. In aka makara da 'yan awoyi zaƙin ya tafi, ba kuma ya dawowa. Wannan ƙarfin, kusan ninki biyu na giyar inabi ta yau da kullum, shi zaƙin ke ɓoyewa. Mai sha kada ya haɗa shi da tuƙi a waɗancan hanyoyi masu kwana-kwana.

Cin abinci yana son tambaya. Francesinha, abincin da Porto ke taƙama da shi, akwai naman alade a ciki, miyarsa kuma da giya ake haɗawa. Miyar ganye ta caldo verde tana zuwa da yankan tsiran alade a sama. Alheira ma, wani naman da ake ɗurawa a hanji, duk da labarin cewa da kaza aka faro ta, yau galibi akwai alade. Nama sau da yawa a giya ake jiƙa shi, kayan zaƙi kuma akan yarfa musu port. Gasasshen kifi, bacalhau (busasshen kifi mai gishiri), dankali, burodi da man zaitun su ne mafita, da kalmomi huɗu: sem porco, sem vinho, ba alade, ba giya. A Porto akwai masallaci a titin Heroísmo, ba nisa da Campanhã. A kwarin kuwa darduma da ruwan alwala a jaka.

Ɗan Kudan da ya ga waɗannan kurangu, hannunsa zai yi ƙaiƙayin yanko reshe. Kada ya yi. Shigo da tsiro Najeriya sai da izinin hukumar killace kayan gona, kuma reshen da ba a tantance ba yana iya ɗauko cutar da babu ita a gonarka. Ko an bari ma ba riba. Touriga Nacional da Tinta Roriz inabin matsa ne, ƙanana, ɓawo mai kauri, ƙwallo cike da baki. Ba wanda zai saye su a tire a Kasuwar Barci. Yanayin ma a juye yake. Ruwan Douro da sanyi yake sauka, lokacin da kuranga ta zubar da ganye tana barci, 'ya'ya su nuna a busasshen rani. Namu yana zuwa da zafi, ganye a jiƙe, abin da cutar fumfuna ke so ke nan, kuma kurangarmu ba ta barci sai an tilasta mata da datsa. Tambayoyin da za su yi amfani a gida su ne na hannu: ido nawa ake bari a reshe wajen datsa, yaya ake rage ganye ba tare da rana ta ƙona nonon inabin ba, wane gindi suke aurawa a busasshen wuri, da yadda magudanar da ke bayan katanga ke karya gudun ruwa kafin ya ɗebi ƙasa. Mai son ganin datsa da idonsa ya zo tsakanin Disamba da Fabrairu, da rigar sanyi mai kauri.