Tsohon jag ɗin Suleja

Jiya a gidan Goggo na ga wani tsohon jag na yumɓu a saman kwaba, mai nauyi, yana sheƙi kamar tangaran. Da na kifa shi sai ga hatimi a gindinsa, an rubuta Abuja da harufan Larabci. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Aikin cibiyar koyar da ginin tukwane ce ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, cibiyar da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950. Can Ladi Kwali ta shiga a 1954, mace ta farko, ita ce dai a bayan takardar naira 20. Ta zo da zanen Gwari, ƙadangare, kunama, kada da kifi, ta riƙa karce su a jikin kayan da ake gasawa da wuta mai tsanani har su daina tsotsar ruwa.

Abin da ya fi burge ni mariƙin. Yatsu na zaunawa daidai, bakin kuma ba ya ɗiga in an tsiyaya. Na roƙi Goggo kada ta kuskura ta ba masu yawon sayen tsofaffin kaya.